Gani ya kori ji, to wa zai kori gani?

A hutun damina na 2022 na kai iyalina Kano wajen yayan matata, wanda ya daɗe yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Daga Dakwaro zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa, mu tsallaka Jibiya mu ratsa Katsina, wuni guda cur a mota, ga yara uku ga ƙullin cuku na tsaraba. Kwana biyu da saukarmu ya ce sai ya fita da yaran sun ga gari. Ni ɗan rakiya aka ɗauke ni.

A wani katafaren gini mai shaguna, can wani lungu, akwai ɗakin da bai kai rabin ajina girma ba. Kujeru takwas a kan dandamali, allo a gabansu, wani saurayi a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi yana raba baƙin tabarau. Mai masaukina ya biya, ya dube ni yana murmushi ya ce, "Mushe, kai ne mai koyar da kimiyya. Shiga ka fito ka faɗa mana ko gaskiya ne." Na shiga da babbar ɗiyata, lokacin tana da shekara 11. Na zauna ina gyara hula kamar wanda ya zo duba aikin yara.

Aka kashe wuta. Sai ga mu a cikin wani ɗan keken ƙarfe a kan dogo, yana hawa dutse a hankali, ƙarar sarƙa tana tashi ta ƙarƙashinmu. Muka kai ƙololuwa, na leƙa na ga dogon ya yanke, babu komai gaba sai rami. Iska ta bugi fuskata, kujera ta sunkuya, cikina ya taso ya tokare mini maƙogwaro. Ban san sa'ad da salati ya fita daga bakina ba, kuma da ƙarfi, har ɗiyata ta fasa nata ihun ta juyo tana kallona. Da aka kunna wuta bayan minti biyar, yatsuna sun yi tsami saboda riƙon ƙarfen gaban kujera. Hular kuwa a ƙasa na tsince ta.

Na roƙi saurayin ya bar ni in tsaya ta gefe in ga waɗanda za su shiga bayanmu. Ya yarda. Abin da na gani ya fi na farko ba ni kunya. Dandamalin yana ɗan sunkuyawa gaba, ya ɗan kwanta baya, ya karkata hagu da dama, duk motsin bai wuce taƙi biyu ba. Ga 'yar fanka, ga ɗan bututu mai fesa ruwa. Manya takwas suna kururuwa a kan kujerun da amalanken jaki a hanyar Kornaka ya fi su girgiza sau goma. Ɗiyata ta ja mini hannun riga ta ce, "Baba, to ina muka je?" Na ce ba mu je ko'ina ba. Ta ce, "To me ya sa cikina ya tafi?"

A makarantar horon malamai ta Damagaram an koya mana zana ido a allo da sunayen sassansa cikin Faransanci, kuma kusan shekara ashirin ina sa yara suna haddace su. Amsar tambayar yarinyar nan ba ta cikin zanen. Sai da muka dawo gida na zauna na bi ta a hankali.

Ashe har da kunne aka yaudara. Can ciki, bayan inda ake jin sauti, akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyin da ido ba ya gani. Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko kai ya juya, ko jiki ya karkata, ko an fizge shi gaba. Sai dai tsakuwoyin nan ba sa bambance karkata da fizga. In mota ta tashi da ƙarfi, bayanka zai manne da kujera. In aka kwantar da kujerar baya kaɗan, haka nan zai manne. Ido ne ke raba gardama. To ga ka cikin duhu, ba bango ba ƙasa, allo kawai, shi kuma yana nuna maka hanya tana shigewa da gudu. Sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci cewa tafiya ake. Duk wanda ya taɓa zama a mota a tashar Maraɗi yana jiran ta cika ya ɗanɗani wannan: motar da ke gefenku ta fara ja da baya, kai kuma ka gyara zama kana zaton taku ce ta tashi.

Tabaran ma ba wani asiri a cikinsa. Tsakanin idanunmu biyu akwai tazarar kamar santimita 6, don haka kowanne yana hango duniya daga nasa gefen. Ɗaga babban yatsa ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle. Daga wannan bambanci ƙwaƙwalwa ke auna nisa. A allon ana haska hoto biyu a kan juna, tabarau ya ba kowane ido nasa, sai shimfiɗaɗɗen bango ya yi zurfi.

Abin da muka shiga a Kano ƙaramin jika ne, kakanninsa suna Amurka. A Janairun 1987 kamfanin Disney ya buɗe wani abin hawa mai suna Star Tours a dandalin shaƙatawarsa na Kalifoniya: ɗaki mai cin mutum 40, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe masu miƙewa da tanƙwashewa, irin na'urar da ake horar da matuƙan jirgin sama da ita ba tare da sun bar ƙasa ba. A 2011 suka sabunta shi. Suka cire tsohon fim suka sa hoton kwamfuta mai tabarau, suka yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, na'ura tana haɗa su ta hanya 54, don wanda ya shiga jiya ya ga wani abu dabam yau. A Fulorida kuma kamfanin Universal ya buɗe na Spider-Man a 1999. Wannan ya fi wuya, domin keken yana tafiya da gaske tsakanin manyan alluna, kuma hoton da aka haska a bango yakan tona kansa da zarar mai kallo ya gusa. Sai suka lissafa inda idon mai kallo zai kasance a kowane daƙiƙa, suka murɗe hoton tun a kwamfuta daidai da haka. Wanda ya tsaya gefe zai ga gine-gine suna lanƙwashewa kamar an jiƙa su, na cikin keke kuwa zai gan su tsaye ƙyam. A ƙarshen tafiyar mutum yana jin ya faɗo daga tsayin mita kusan 120, alhali keken bai bar dogonsa ba. A 2012 suka sake zana hotunan gaba ɗaya, suka canja na'urorin haskawa da tabarau. Keken bai ƙara gudu ba, ginin bai ƙara tsawo ba. Ƙaryar ce aka ƙara wa kaifi, kuma mutane suka sake bin layi suna biya.

Amma wadda ta fi kama mini hankali tsohuwa ce tukuf, ba ta buƙatar kwamfuta. A ƙarshen 1862, a Landan, wani malamin kimiyya mai suna John Henry Pepper ya gyara dabarar wani injiniya, Henry Dircks, ya fito da fatalwa a kan dandalin wasan kwaikwayo. Mutane suka ga siffar mutum tana tsaye, ana hango abin da ke bayanta ta cikin jikinta. Duk asirin faifan gilashi ne mai tsabta da aka karkata tsakanin 'yan kallo da dandali. Gilashi yana barin yawancin haske ya wuce, amma yana maido da ɗan kaɗan, kusan kashi 8 cikin 100 in hasken ya zo masa kai tsaye. In aka ɓoye mutum a inda 'yan kallo ba sa gani aka haske shi sosai, dandalin kuma aka rage masa haske, wannan ɗan kaɗan ɗin ya isa ya tsaya a sarari kamar mutum. Kowa ya taɓa ganin haka bai kula ba. In direba ya ajiye farar takarda a gabansa ƙarƙashin gilashin mota, za ka ga takardar tana shawagi a kan kwalta.

Da wannan dabara Disney ke nuna fatalwowi suna rawa a gidan tsoronsu na Haunted Mansion tun 1969, kuma duk gyare-gyaren da aka yi wa gidan ba a cire gilashin ba. Da ita ce kuma ɗan siyasar Faransa Jean-Luc Mélenchon ya yi jawabi a wuri biyu lokaci guda ranar 5 ga Fabrairun 2017, jikinsa a Liyon, siffarsa a wani zaure kusa da Faris. Na tuna a fadarmu ta shayi an kwana biyu ana muhawara a kai, har wani ya ce Bature ya gama da duniya.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Wa bai yi kura da zomo da yatsunsa a jikin bango ba, ga fitilar ƙwai tana ci? Kalmar majigi da kanta daga sunan da Turawan Ingila suka ba tsohuwar fitilar haska hoto ta fito, wadda suke kira fitilar sihiri. Ina yaro an taɓa zuwa garinmu da mota da injin wuta, aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin itace biyu, aka nuna fim kan tsabtar ruwa. Na manta abin da fim ɗin ya ce. Abin da ban manta ba shi ne yadda muka zagaya bayan ƙyallen neman mutanen, muka tarar da su a can ma, sun juya hagu ta koma dama. Kuma ƙasar nan ta haifi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Da wasan inuwa ya fara a ƙauyensu, da kwali da fitila, kafin ya je Kanada ya koyi zanen da ke motsi wajen Norman McLaren. A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, a 1966 Bon Voyage Sim, inda kwaɗi ke sarauta suna tafiye-tafiyen shugabanni. Daga baya ya zauna a Tawa yana ci gaba da aikinsa. Na tambayi abokan aikina goma sha ɗaya, biyu ne suka taɓa jin sunansa. Ni ma da girmana na san shi, don haka ba gori nake yi ba.

Abin da ya sa na kasa barin maganar nan a Kano shi ne abin da na tarar a gida. A Dakwaro ba mu da kujera mai girgiza, amma allo ya shiga kowane gida. Wayar hannu ta riga kwalta da famfo isa ƙauyukanmu. Ana cajinta da faifan sola a kasuwa, ana tura bidiyo daga waya zuwa waya ko da babu intanet. Kusan kowane mako yarana na ajin CM2 sukan zo mini da labari: an kama mace mai jelar kifi a wani kogi, an ga siffa a cikin gajimare, wani maciji ya haɗiye mota. In na ce ƙarya ce, amsar guda ce kullum: "Mushe, wallahi na gani da idona." Ba yara kaɗai ba. Na ga malami ɗan'uwana, mai takardar shaida irin tawa, yana nuna wa mutane irin wannan bidiyo yana girgiza kai. Mun tashi da cewa gani ya kori ji, kuma a zamanin da aka yi karin maganar gaskiya ce, domin mai ba da labari yana iya ƙari, ido kuwa ba a iya sa masa abin da babu sai da wahala. Yanzu wahalar ta kau, karin maganar tana nan.

Sai na ce bari in kawo musu fatalwar Pepper cikin aji. In suka ga abin da babu da idonsu, sannan suka ga yadda aka yi shi, rantsuwar nan ta "na gani da idona" za ta yi sanyi. Haka na lissafa.

Na samo babban kwali wajen mai shago, na shafe cikinsa da baƙin gawayi da ƙaro. Na yanka taga a gaba, na manna wani ƙaramin kwali a gefe ya zama ɓoyayyen ɗaki. Na yi 'yar kujera da kara na sa a ƙuryar babban, na yi ɗan mutum da kara na naɗe shi da farin ƙyalle na sa a ɓoyayyen. Gilashi ne ya gagara. Tagogin garinmu na ƙarfe ne, mai yanka gilashi kuwa sai Maraɗi. Da dare na sauko da hoton aurenmu daga bango na zare nasa. Uwargida ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce aro ne, jibi zan maido. A littattafai da kyandir ake yin gwajin, a nuna shi yana ci a cikin kofin ruwa. Ban ko yi tunanin haka ba. A Nuwamban 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, kuma tun daga ranar ba malamin jihar nan da zai kunna ashana kusa da yara hankalinsa kwance. Tocila biyu na saya.

Ranar wata Talata ce cikin sanyi. Ajina na ƙasa ne mai rufin kwano, muka rufe tagogi muka toshe kafofi da buhu. Yara 63. Na sa su zo biyar-biyar su leƙa ta tagar kwalin. Da fari kujera ce kawai ba kowa. Sai in kunna tocilar ɓoye a hankali, farin mutum ya bayyana zaune a kanta, ana ganin karan kujerar ta cikin ƙirjinsa. In kashe, ya ɓace. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Na ja abin, na canja murya, na ce su yi masa sallama. Niyyata sai kowa ya gani sannan in buɗe kwalin.

A rukuni na bakwai akwai wata yarinya mai shekara 12, shiru-shiru, tana cikin biyar na farko a lissafi. Ta leƙa, farin ya bayyana, ta yi wata ƙara da har yau nake ji, ta faɗi tana shure-shure. Duk malamin Nijar ya san abin da ke biyo bayan wannan ƙara. Ɗaya ta faɗi, kafin a ɗauke ta biyar sun bi, a tashi makaranta, a kira masu ruƙiyya, gari ya ɗauka. Allah ya taimake ni wata malama ta shigo da gudu ta fitar da 'yan matan waje cikin rana, ba wadda ta bi ta. Na ɓalle tagogi, na yage gefen kwalin ina ɗaga ɗan mutumin kara ina cewa ku duba, ku duba, kara ne. Ba mai saurarena. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa mushen CM2 ya kira aljani cikin kwali.

Kashegari ba ta zo ba, haka jibi. Wanda bai san ƙauyukanmu ba zai ce kwana biyu ne. Mu mun san yarinya mai shekara 12 da ta bar aji da sunan an taɓa ta a lakwal, sau da yawa ba ta dawowa, kuma mun san abin da ke jiran ta a gida in ta zauna. Shekara shida ana lallashin iyaye, ni na ba su hujja cikin minti ɗaya.

Diraktanmu ya haɗa zama da mahaifinta da shugaban kwamitin iyaye. Na shirya kamar mai shiga jarrabawa. Na ɗauko kwalin. Na tanadi sunan Ibnul Haisam, malamin Basra da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen 1040, mai Kitabul Manazir, wanda ya tabbatar cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, don in nuna cewa binciken haske gadonmu ne, ba tsafin Nasara ba. Na ɗauka jahilci zan je in yaƙa.

Mahaifin dattijo ne, manomi mai ɗan kiwo, ya girme ni nesa. Bayan gaisuwa ya ce, "Mushe, gwada mini abin da ka gwada ma ɗiyata." Na kunna. Ya leƙa ya daɗe. Ya sa hannu ya taɓa gilashin, ya zagaya ya ciro ɗan mutumin kara ya jujjuya shi, ya maida, ya sake leƙawa. Har ya yi 'yar dariya. Na fara bayanin haske, ya ɗaga mini hannu.

"Na gane, gilashi ne. Ni na yi yawo, na ga 'yan dabo a kasuwanni, na ga mai fiddo ƙwai daga kunnen yaro. Amma mai dabo in ya zo, da gangarshi yake zuwa, kowa ya san mai dabo ne. Wanda ya tsaya kallo shi ya kai kanshi. Kai kuwa mushe ne. Mun ce ma yaranga duk abin da ka faɗi su riƙe. Ka rufe taga, ka ce su yi ma abu sallama. Mi kake so ta ɗauka?"

Na ce, "Baba, niyyata in buɗe musu daga baya."

Ya ce, "Daga baya. Tsoro ba ya jiran daga baya."

Ibnul Haisam bai fito daga aljihuna ba ranar. Hulata na tuna a ƙasan ɗakin nan na Kano. Ni da na biya da sanina, na ga ƙofar da na shiga, na san allo ne, ina da shekara arba'in da ɗoriya, sanin bai hana cikina tashi ba. Jiki yana da nasa hukuncin, yana yanke shi kafin ilimi ya sa takalmi. Masu gina waɗancan wurare sun san haka, a kansa suke cin abinci. Bambancin kawai shi ne su suna buga ganga: akwai tikiti, akwai layi, akwai ƙofar fita, kuma wanda ya fito yana dariya ya san an yi masa wasa ne da yardarsa. Dattijon ya nuna mini cewa abin da na yi ya fi kama da bidiyon wayar da na zo yaƙa. Shi ma ba ya zuwa da ganga. Daga wayar kawu yake fitowa, ko ta yaya, ko ta malamin unguwa, mutanen da aka ce wa yaro ya riƙe maganarsu.

Na ba shi haƙuri ba tare da na ƙara ko kalma ta kare kai ba. Bai yi alkawarin komai ba. Uwargida ce ta je gidan sau biyu ta zauna da mahaifiyar, abin da suka tattauna ba a faɗa mini ba. Ranar kwana na tara yarinyar ta shigo aji, ta zauna kusa da ƙofa maimakon wurinta na gaba. Ban ce ta koma ba. A nan ta ƙare shekara, ta ci jarrabawa ta wuce kwaleji. Har ta tafi ba ta sake kallon kwalin ba, ni ma ban nema ba.

Shekarar da ta biyo na juya tsarin. Taga a buɗe, na zube kwali da kara da gilashi a tebur na ce ga abin da za mu gina, ga abin da za ku gani, ƙarya ce za mu yi wa idanunmu da gangan. Su suka shafa gawayin, su suka yi gardama kan yadda za a karkata gilashin har siffar ta zauna daidai kan kujera maimakon ta nutse cikinta. Na yi zaton sanin asirin zai kashe mamakin. Da aka rufe taga farin ya bayyana, yaron da ya ɗaure ƙyallen da hannunsa shi ya fi kowa ihu, sai dai ihun murna ne. Suka yi layi suna komawa sau uku-uku.

Muka ƙara da wani. Na kafa wayata a kan bulo, wani yaro ya tsaya gaban allo ya tafa hannu, na tsayar da ɗauka, ya fita, na ci gaba. Da muka kalla sai ga shi ya ɓace ɓat. Dabarar da Bafaranshe Georges Méliès ya ɓatar da mace da ita ke nan a fim tun 1896. Wata yarinya ta ce, "Mushe, ai haka boka yake ɓacewa a fim ɗin Hausa!" Wani ya lura inuwar taga ta yi ɗan tsalle a daidai wurin yankan. Mako biyu bayan haka ya zo ya ce mini ya ga irin tsallen a wani bidiyo a wayar yayansa, ya faɗa, yayan ya make shi.

Ba zan yi wa kwalina kirarin da bai kai ba. Bidiyoyin da ke shigowa yanzu, waɗanda ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa, ba su da wurin yanka, ba inuwar da ke tsalle. Ana sa wa mutum maganar da bai yi ba da muryarsa da leɓɓansa. Kwanan baya ni kaina na kalli wani sau uku, na kusa tura shi gaba, sai ɗiyata, wadda yanzu take kwaleji, ta karɓi wayar ta ce, "Baba, wa ya ɗauka? Me ya sa mai ɗaukar bai gudu ba?" Na duba, gaskiyarta. Abu yana rugujewa a gabansa, hannunsa ko rawa bai yi ba. Na goge shi, ban gaya mata saura ƙiris ba.

Gilashin hoton aure kuwa bai koma ba. A shekara ta biyu wani yaro ya zauna a kansa. Na sayo wani a Maraɗi, mai yankan ya naɗe mini shi cikin tsumma na rungumo shi a mota har Dakwaro, na sa wa hoton, uwargida ta ce yau dai an yi abin kai. Da sanyi ya shigo muka kai darasin haske na sake sauko da shi. Yanzu haka hoton yana rataye ba gilashi, ƙurar hunturu ta fara cin farar rigata, kuma jiya da dare ta sake tambayata jibin da na ce.